Filin Shari'a da Jama'a: Rigimar Kwangilar Gini da Raba Gardama a Wajen Kotu

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan dukansu a kan gini suke magana, kuma ba abin mamaki ba ne, domin duk wanda ya zaga Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ko ya bi hanyar Ɗan Isa, zai ga yadda Maraɗi ke ta faɗaɗa, zai kuma ga kangwaye masu yawa da aka kai linta aka tsaya, rodi a miƙe yana tsatsa, yashin da aka zube a ƙofa iska tana kwashewa. Wasu ƙarewar kuɗi ce ta tsayar da su, amma da dama saɓani ne ya shiga tsakanin mai gida da ɗan kwangila. Mun zaɓi wasiƙu shida, mun ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba. Abin da ke nan bayanin doka ne a dunƙule; wanda ke da shari'a a gabansa ya kai takardunsa wurin lauya a duba masa su ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Metir. Na ba wani ɗan kwangila aikin gina mani gida mai ɗaki huɗu da falo a kan miliyan 18 na sefa, kuɗi a dunƙule, kaya da ma'aikata duk a wuyansa. Mun sa hannu a takarda, akwai zanen gidan da debi, wato takardar ƙiyasin kuɗin aiki. Na ba shi miliyan 12. Da aka kai linta sai ya ce siminti da rodi sun tashi, kuma wai na sa an faɗaɗa falo, don haka in ƙara miliyan 4 ko ya ajiye aiki. Yau wata biyar ba kowa a shantiye. Wasu abokai sun ce in kai shi komisariya, wasu sun ce in kawo wani magini ya ƙarasa. Me doka ta ce?
Daga wani Alhaji, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya warware wannan damuwa cikin sauƙi. Takardar nan da kuka sa wa hannu ita ce ƙarfinka, domin aya ta 1134 ta Kod Sibil, wato kundin dokokin mu'amala da ƙasarmu ta gada tun zamanin Faransa kuma kotunanmu ke aiki da shi har yau, ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka ce a kan waɗanda suka ƙulla ta. Sai kuma aya ta 1793, wadda ta yi magana kai tsaye a kan irin matsalarka: idan ɗan kwangila ya karɓi gini a kan kuɗi a dunƙule bisa zanen da aka daidaita da mai fili, ba shi da ikon neman ƙari da hujjar cewa kaya sun yi tsada ko ladan ma'aikata ya tashi, haka nan ba shi da ikon neman ƙari a kan wani canji da aka yi wa zanen, sai fa idan mai gida ya amince da canjin a rubuce kuma an daidaita kuɗinsa. Dalilin wannan tsanani a bayyane yake. Ɗan kwangila shi ne masanin kasuwar siminti da ƙarfe, shi ya yi lissafinsa kafin ya faɗi kuɗi, kuma da kaya sun sauka ba zai mayar maka da rarar ba, saboda haka idan sun tashi shi zai ɗauki nauyin.

Ƴan kwangila da yawa suna kafa hujja da abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa wa Nijar takunkumi aka rufe iyaka da Nijeriya, kuma babu ɗan Maraɗin da zai musa cewa kayan gini sun yi wuya a watannin nan kafin a ɗage takunkumin a Fabrairu 2024. Aya ta 1148 tana yafe wa mutum diyya idan wani abu da ya fi ƙarfinsa, wanda ba a yi tsammani ba kuma ba a iya kauce masa, ya hana shi cika alkawari. Idan kaya sun ɓace a kasuwa ɗungurungum, wannan zai iya zama uzurin jinkiri na tsawon lokacin da suka ɓace. Idan kuwa suna nan, tsada kawai suka yi, to tsada ba ta sauke alkawari, ba ta kuma buɗe ƙofar ƙarin kuɗi.

Maganar falo kuma, ina so ka tsaya ka tambayi zuciyarka. Idan da gaske kai ka tsaya a shantiye ka ce a matsar da bango a ƙara mita biyu, to ko da doka ta kare ka saboda rashin rubutu, bulo da simintin da suka shiga ƙarin nan haƙƙin mutum ne. Shawarata ita ce a kirawo injiniya ya auna ƙarin ya fitar da kuɗinsa na gaskiya, ka biya ko a cire daga abin da ke hannunsa, a rubuta a sa hannu. Wannan zai kwance masa babbar hujjarsa, zai kuma sa alƙali ya ga kai mai son gaskiya ne idan magana ta kai gabansa.

Shawarwari biyun da abokanka suka ba ka kuwa, duka ina jin tsoronsu. Saɓa yarjejeniyar gini magana ce ta mu'amala, ba ta zama laifin da ake tsare mutum a kansa sai an nuna damfara ko cin amana, kamar ya zo da takardun kamfani na jabu ko ya karkatar da kayan da ka damƙa masa. Mutumin da ya kai gini har linta da wuya a kira shi ɗan damfara, kuma kwanan komisariya ba ya ɗora bulo ko ɗaya, sai dai ya ƙara taurin kai. Kawo wani magini yau-yau ya fi wannan haɗari, domin da zarar sabon hannu ya taɓa ginin ba wanda zai iya tantance inda aikin na farko ya tsaya, ko ya ce wannan tsagewar laifin wane ce. Bayan haka, aya ta 1794 ta ba mai gida damar soke kwangila da ra'ayin kansa, amma da sharaɗin ya biya ɗan kwangila abin da ya kashe, da aikin da ya yi, da duk ribar da zai samu da an bar shi ya kammala. Idan ka kore shi ba bisa tsari ba, lauyansa zai ce da wannan aya ka yi aiki, sai a wayi gari kai mai bin bashi ka koma wanda ake bi.

Tsarin da ya dace shi ne ka fara ɗaukar wisiye, wato jami'in shari'a mai isar da takardun kotu da zartar da hukunci, ya je shantiye ya rubuta abin da idonsa ya gani: tsawon bango, ɗakunan da aka kai linta, buhunan siminti nawa suka rage kuma ko sun daskare, ya haɗa da hotuna. Sannan ya kai wa ɗan kwangilar takardar gargaɗi mai wa'adi, a ce kwana 15, ya dawo bakin aiki. Kada ka raina wannan takarda, domin a ƙa'ida diyyar jinkiri ba ta fara hawa kan mutum sai an yi masa gargaɗi a hukumance. Idan wa'adi ya cika bai dawo ba, lauyanka zai nemi shugaban babbar kotun Maraɗi, ta hanyar shari'ar gaggawa, ya naɗa ƙwararre ya ƙiyasta darajar aikin da aka yi a gwada da miliyan 12 da ka bayar. Da wannan rahoto a hannu za ka iya neman kotu ta warware yarjejeniyar tare da diyya bisa aya ta 1184, ko ta ba ka izinin sa wani ya ƙarasa a kan kuɗin ɗan kwangilar bisa aya ta 1144. Ka tattara duk rasit, da takardun tura kuɗi, da saƙonnin WhatsApp har da na murya, kada ka goge ko ɗaya.

Tambaya ta biyu

Metir, barka da aiki. Ni ƴar kasuwa ce, na ba wani kamfani na Yamai kwangilar gina mani shaguna 10 da sito. Yarjejeniyar da Faransanci take, ɗana ya karanta mani manyan wuraren na sa hannu. Yanzu mun saɓa a kan jinkiri da ingancin daɓe. Na shirya shigar da ƙara a nan Maraɗi, sai lauyansu ya rubuto cewa akwai wani sharaɗi a ƙarshen takardar da ya ce duk rigima sai a kai ta cibiyar raba gardama ta Yamai, kotu ba ta da hurumi. Shin ana iya hana ɗan ƙasa zuwa kotu? Kuma idan aka yanke mani abin da ban gamsu ba, ina zan je?
Daga wata Hajiya, Sabon Gari, Maraɗi.

Amsa

Barka kadai, Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ba wanda ya ƙwace maki haƙƙin zuwa kotu. A idon doka ke da kanki kika zaɓi wata hanya ranar da kika sa hannu, ko da ba a karanta maki wannan layi ba. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar birnin Port-Louis ta 17 ga Oktoba 1993 domin ƙasashen su yi aiki da dokokin kasuwanci iri ɗaya. Ƙungiya ce daban da CEDEAO, don haka ficewar Nijar daga CEDEAO ba ta taɓa waɗannan dokoki ba. Daga cikinsu akwai dokar raba gardama, wadda aka fara zartarwa a Wagadugu a 1999, aka sabunta ta a Konakiri ranar 23 ga Nuwamba 2017, ta fara aiki a Maris 2018, kuma ita ce ke hukunta sharaɗin da ke cikin takardarki.

Raba gardama, wanda lauyoyi ke kira arbitraji malaman fiƙihu kuma suka sani da tahkimi, shi ne masu rigima su yarda su ɗora maganarsu a gaban wanda suka zaɓa, mutum ɗaya ko uku, ya saurare su ya yanke hukunci, hukuncin kuma ya zama dole a kansu kamar na alƙali. A nan ya bambanta da sulhu, domin mai sulhu lallashi yake yi har a daidaita, shi kuwa mai raba gardama yankewa yake yi ko an so ko an ƙi. Aya ta 13 ta dokar ta ce idan akwai irin wannan sharaɗi kuma ɗaya daga cikin masu rigima ya tunatar da kotu, dole kotu ta janye hannunta, sai fa idan ba a riga an kai maganar gaban masu raba gardama ba kuma sharaɗin ɓatacce ne ƙarara ko a fili bai shafi rigimar ba. Kotu ba ta ɗaga wannan magana da kanta, amma tunda lauyansu ya riga ya ɗaga, kada ki ɓata kuɗi da lokaci a wannan ƙofa. Ko da kin ce yarjejeniyar gaba ɗaya ɓatacciya ce, aya ta 4 ta ware sharaɗin raba gardama daga sauran yarjejeniyar, saboda haka mai raba gardamar ne zai duba ɓacin. Abin da ya rage wa kotun Maraɗi shi ne matakan gaggawa na wucin gadi, kamar tsare kaya ko kuɗi don kada su salwanta, matuƙar ba za ta shiga asalin rigimar ba.

Cibiyar da suke nufi, bisa ga bayaninki, ita ce CMAN, cibiyar sulhu da raba gardama ta Yamai da ke ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa da masana'antu ta Nijar, kuma tana da nata ƙa'idoji da za a bi. Kada ki ɗauki wannan hanya a matsayin tarko, domin tana da alfanun da kotu ba ta da shi. Kina da baki a zaɓen wanda zai yi hukunci, kuma a rigimar daɓe da kankare ba dole ya zama lauya ba, ana iya ɗaukar injiniyan da ya san aikin da hannunsa. Doka ta tilasta masa ya kasance ba ya ƙarƙashin kowa, ya kuma bayyana duk wata alaƙa da za ta sa a yi shakkar adalcinsa, don haka ki sa a bincika ko ya taɓa yi wa kamfanin aiki. Inda ba a tsayar da wa'adi ba, dokar ta ba masu raba gardama wata 6 daga ranar da na ƙarshensu ya karɓi aiki, kodayake ana iya tsawaitawa. Wanda ya ƙi naɗa nasa mutum don ya ja lokaci, naɗa masa ake yi. Nauyin da ke ciki shi ne kuɗi: alƙalin gwamnati albashi yake ci, mai raba gardama kuwa masu rigima ke biyan sa, su biya cibiya, a kuma ajiye wani kaso tun kafin a fara. Domin rage wannan, ki nemi a tsaya a kan mutum ɗaya maimakon uku idan takardar ba ta hana ba, ki kuma nemi ya zo Maraɗi ya taka daɓen da ƙafarsa, a yi zaman sauraro a nan.

Rabin tambayarki na biyu shi ne wurin da nake so ki fi natsuwa. Aya ta 25 ta ce hukuncin raba gardama ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Abin da ake iya nema kawai shi ne a soke shi, kuma aya ta 26 ta taƙaita dalilan zuwa shida: rashin yarjejeniyar raba gardama ingantacciya, naɗa masu hukunci ba bisa ƙa'ida ba, fitarsu daga iyakar aikin da aka ba su, hana wani ɓangare kare kansa, saɓa wa ginshiƙan doka da ƙasashe suka tafi a kai, da rashin bayyana dalilan hukunci. Cewa mai raba gardama ya yi kuskuren lissafin siminti, ko ya gaskata shaidarsu ya ƙi taki, ba ya cikin shidan. Damar neman sokewa tana rufewa wata ɗaya bayan an isar maki da hukuncin ɗauke da izinin zartarwa na kotu, kotun da aka kai wa tana da wata 3 ta yanke, kuma daga nan sai babbar kotun OHADA, wato CCJA, da ke Abijan. Idan ke kika yi nasara, za ki kai hukuncin kotu ta sa masa izinin zartarwa, kuma idan kwana 15 suka wuce ba ta ce komai ba, doka ta ɗauka an bayar. Tunda zaman ɗaya ne ba na biyu, ki shiga da duk hujjarki tun farko, kada ki ajiye wata takarda kina jiran gaba.

Tambaya ta uku

Metir, ni magini ne. Na yi wa wani ɗan kwangila aikin ɗora bulo da filasta a gidan wani mutum, ya riƙe mani jika 350, yanzu ba ya ɗaukar wayata. Zan iya bin mai gidan? Yarana sun ce mu je mu cire ƙofofin da muka kafa.
Daga wani magini, Burja, Maraɗi.

Amsa

Sannu da aiki, ɗan'uwa, Allah ya fitar maka da guminka. Ka hana yaranka taɓa ƙofofin nan, domin da zarar an kafa su sun zama ɓangaren gidan, cire su zai mayar da kai mai laifi alhali kai aka zalunta. Aya ta 1798 ta Kod Sibil ta ba magina da kafintoci damar bin mai gida kai tsaye, amma iyakar abin da ɗan kwangila ke bin sa a ranar da aka shigar da maganar. Idan ya riga ya biya shi kaf, ba ka da komai a wurinsa. Saboda haka hanzari ne maganinka: ka sa wisiye ya sanar da mai gidan bashinka tun bai biya kason ƙarshe ba. Idan kana da wata takarda da ɗan kwangilar ya amsa bashin a cikinta, akwai gajeriyar hanya a dokar OHADA ta karɓar bashi, wadda aka sabunta a Kinshasa a 2023, inda shugaban kotu ke ba da umarnin biya ba tare da doguwar shari'a ba, wanda ake bi kuma yana da kwana 10 ya yi jayayya.

Tambaya ta huɗu

Metir, shekara uku ke nan da na tare a gidana. Bayan daminar bana bangon gabas ya tsage daga tushe har sama, rufin kankare kuma yana yoyo. Wanda ya gina ya ce ƙasar wurin ce ba ta da kyau, kuma ai ni na riƙa sayo siminti. Shin ya fita ke nan?
Daga wani malamin makaranta, Tibiri.

Amsa

Malam, Allah ya tsare iyali, kuma kafin komai ka sa injiniya ya duba ko ɗakin yana da haɗarin kwana. Wanda ya gina bai fita ba. Ayoyi na 1792 da 2270 sun ɗora wa ɗan kwangila da mai zanen gini alhakin manyan sassan gini har shekara 10, kuma aya ta 1792 ta ambaci aibin ƙasa da sunansa, ta ce ko shi ne sanadi suna da alhaki. Hikimar ita ce mai sana'a shi ya kamata ya san ƙasar da zai ɗora nauyi a kanta. Duk maginin wannan yanki ya san bambancin jigawa da laka ta bakin gulbi, wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani, ya kuma san yadda ruwa ke zaizaye tushe a kusa da kwazazzabo. Maraɗi kanta ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da gari kan tudu. Wanda ya ga irin wannan ƙasa ya haƙa tushe marar zurfi bai ce komai ba, ba zai dawo ya fake da ita ba. Wannan lamuni na shekara 10 ya shafi tushe, da ginshiƙai, da bango mai ɗaukar nauyi, da rufi, bai shafi fenti da ya ɓare ko famfon da ya lalace ba, kuma ana fara ƙirga shi ne daga ranar karɓar aiki, abin da ya sa nake roƙon masu gini su riƙa rubuta takarda ranar karɓar makulli, su jera duk aibin da suka gani.

Sayen siminti da ka yi shi ne inda zai iya samun sassauci. A kankaren da ke ɗaukar nauyi abin da aka saba shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Idan ya nemi buhu 7 ka ce a yi da 5, ko ka matsa a kwance katako da wuri don ka tare kafin salla, kuma yana da shaidar cewa ya gargaɗe ka, kotu za ta iya raba alhakin tsakaninku. Idan kuwa ka ba shi duk abin da ya nema, rahoton ƙwararren da kotu za ta naɗa zai nuna ko simintin ya shiga ginin ko ya bi wata hanya. Kada ka toshe tsagewar kafin a zo a gani.

Tambaya ta biyar

Metir, mun yi rigima da maginina, mai unguwa da sarkin magina suka zauna da mu aka daidaita cewa zai mayar mani da jika 600 a wata uku. Wata biyar ke nan bai ba da ko dala ba. Wannan sulhu yana da ƙarfi a kotu?
Daga wata uwargida, Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa

Uwargida, hanyar da kuka bi ita nake fifitawa a rigimar gidan zama, domin kuɗin raba gardama a cibiya zai iya cinye rabin abin da ake jayayya a kai, kuma dokar ƙasa ta amince wa sarakunan gargajiya su sasanta mutane. Ƙarfin sulhunku ya dogara ne da ko an rubuta shi. Idan baki da baki aka yi, sai ki koma wurin mai unguwa a sake zama, a rubuta adadin kuɗi da ranakun biya, ku biyu da shaidu ku sa hannu. Rubuta bashi mai wa'adi umarni ne da ke cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, don haka ba wanda zai ce kin nuna rashin yarda. A ranar da aka sabunta dokar raba gardama a 2017, OHADA ta kuma zartar da dokar sulhu, wadda aya ta 16 a cikinta ta ba da hanya biyu: ku biyu ku kai takardar wurin noter, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu, ya ajiye ta ya ba da kwafi mai ikon zartarwa, ko ke kaɗai ki kai ta kotu ta tabbatar da ita. Alƙali ba shi da ikon canza abin da kuka daidaita, kuma yana da kwanakin aiki 15 ya ba da amsa, in ya yi shiru an tabbatar ke nan. Daga nan wisiye zai iya bin dukiyarsa kamar yadda ake yi da hukuncin kotu.

Tambaya ta shida

Metir, ina sayo rodi da tayil da kwanon rufi daga wani ɗan kasuwa a Kano ina ba ƴan kwangila a nan. Mun daɗe muna hulɗa da amana, ba takarda sai rasit da waya. Bana na tura kuɗin tirela guda ta rodi mai lamba 12, da kaya suka iso aka auna aka ga bai cika kauri ba, ƴan kwangila suka ƙi karɓa. Shi ya ce abin da kuɗina suka saya ke nan saboda naira ta faɗi kafin a yi lodi. Ina zan kai ƙara, kuma yaya zan tsare kaina nan gaba?
Daga wani Alhaji, babbar kasuwar Maraɗi.

Amsa

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da za ka yi yau, tun kafin maganar kotu, shi ne ka sa wisiye da injiniya su auna rodin a rubuta, ka aika wa abokin cinikinka ƙorafi a rubuce, ka kuma ajiye kayan kada ka sayar da ko sanda ɗaya. Idan dokar cinikayya ta OHADA ce za a yi aiki da ita, mai saye yana da wata ɗaya kacal daga karɓar kaya ya sanar da aibin da ke bayyane, in ya wuce ya rasa haƙƙinsa, kuma kaurin rodi abu ne da ake ganewa da ma'auni ranar sauke kaya.

Wahalar maganarka ita ce Nijeriya ba ta cikin OHADA, kuma dukiyar mutumin a Kano take. Ko ka ci nasara a kotun Maraɗi, hukuncin ba ya tsallaka Jibiya da kansa, sai an sake bin wata hanya a kotunan can. A nan ne raba gardama ya fi amfani ga ƴan kasuwar kan iyaka, domin akwai yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijar ta shiga a 1964 Nijeriya kuma a 1970, inda kowace ƙasa ta ɗauki alkawarin zartar da hukuncin raba gardama da aka yanke a wata, ba tare da sake buɗe asalin rigimar ba. Nijeriya ma ta sabunta nata dokar raba gardama da sulhu a 2023. Wanda ya samu hukunci a Nijar zai kai shi kotun Nijeriya tare da takardar yarjejeniyar raba gardamar da fassara ta hukuma zuwa Ingilishi.

Rashin sharaɗi tun farko bai rufe ƙofa ba, domin doka ta yarda a ƙulla yarjejeniyar raba gardama bayan rigima ta riga ta taso, matuƙar ku biyu kun amince a rubuce. Shugabannin kasuwa na nan da na Kano su ne suka fi dacewa su shawo kansa ya sa hannu, tunda shi ma ba zai so sunansa ya ɓaci a wurin Maraɗawa ba, kuma mai yiwuwa a wannan zama ma a daidaita. A cinikin da za ka yi nan gaba, shafi ɗaya ya isa: a rubuta irin kaya da kaurinsu, da kuɗin da za a biya da shi, naira ko sefa, da farashin canji na ranar da aka tsayar, sannan a ƙara layin da ya faɗi garin da za a yi raba gardama, da dokar ƙasar da za a bi, da harshen da za a yi zama da shi, da yawan masu hukunci. Ga manyan kwangiloli ana iya zaɓar tsarin CCJA ta Abijan, wanda ke buɗe idan ɗaya daga cikin masu yarjejeniya yana zaune a ƙasar OHADA ko a can za a yi aikin, kuma izinin zartarwar da take bayarwa yana aiki a ƙasashe 17 ɗin gaba ɗaya. Ga cinikin tirela ɗaya ko biyu kuwa, mutum ɗaya da kuka amince da shi, a Maraɗi ko a Yamai, ya wadatar.